Sunan da na raɗa wa layin da ya lalace

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Manhajar da na haɗa wa makiyayan Sassumbrum ta daina tura saƙon rigakafi. Shugabansu, Alhaji, ya taho Magaria kan moto, ya zauna kusa da ni. Na duba kuskuren, lambobi ne zalla, harshen inji. Na buɗe fishiyen, wato fayil ɗin, da ke mayar da su zuwa ainihin rubutuna. Sai ga layin tura saƙon da ya lalace ɓaro-ɓaro, da sunan da na raɗa masa: Alhaji_sarkin_surutu!

Ashe yana karanta boko! Ya matso, ya karanta a hankali.

Na ce, "Alhaji, wallahi..."

Ya ce, "Ashe ni ne na yi shiru. To ɗana, gyara ni."