Ranar da Aka Cire wa Munzali Ƙarfe

Munzali Sharif bakanike ne a unguwar Fadikpe da ke Minna. Kakansa ya zo Minna aikin reluwe, mahaifinsa ya yi gyaran kekuna, shi kuma ya ɗauki injin mota. Mutum ne marar yawan magana, kusan duk inda ka neme shi yana ƙarƙashin wata mota.

Shekara uku da suka wuce wata tipa ta buge babur ɗinsa a hanyar Maikunkele, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. Aka ɗaure ƙashin da wani faifan ƙarfe da noti bakwai. Ƙashi ya haɗe, amma ƙarfen ya riƙa tokarar fata, in ya durƙusa aiki sai zogi. Matarsa Azumi ta matsa masa har ya koma asibiti.

Likitar ƙashi, Dokta Esta, ta ɗaga hoton ƙafar ta duba.

"Malam Munzali, ƙashin nan ya warke sarai. Ƙarfen ya gama aikinsa, za mu cire shi."

Ranar tiyata aka yi masa allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina jin komai, amma idonsa biyu. Likitar ta bi tsohon tabon ta yanka, ta kankare ƙashin da ya toho bisa kan notocin. Yana kwance bayan ƙyallen da aka tare masa fuska da shi, yana jin notocin da take kwancewa suna faɗawa cikin kwano ɗaya bayan ɗaya. Bayan na biyar sai ya ji shiru.

"Likita, kan notin ya cinye ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Na ji sukundireba tana zamewa."

Ta yi dariya, ta ce a miƙo mata wani siririn ƙarfe mai zaren hagu, wanda ke ƙara cizon noti in ana juya shi baya. Munzali ya ce su ma da irinsa suke aiki a gareji. A hankali notin ya fito.

Na bakwai kuwa ya karye, tsininsa ya maƙale can cikin ƙashi. Dokta Esta ta faɗa masa gaskiya: tono shi sai an huda ƙashin da faɗi, hakan zai raunana ƙafar, barinsa kuwa ba zai cutar da shi ba.

Munzali bai taɓa mayar wa mutum mota da guntun noti a ciki ba.

"Ke kika san aikinki, likita. A bar shi."

Ta cire faifan ƙarfen ta ɗinke wurin, bayan mako biyu aka warware ɗinki. An hana shi ɗaukar abu mai nauyi har wata biyu, sai ramukan notocin sun cike. Azumi ta tsaya kai da fata a kan wannan doka. Kullum da safe yakan dogara sanda ya tafi gareji, ya zauna a benci, masu mota su tayar da inji ya saurara ya faɗi abin da ke damunsa. A wata na uku ya koma ƙarƙashin mota.