Shafin da na tsallake wa Alhaji Barmo

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar aminina Alhaji Barmo na Jibiya. Allah ya jiƙansa. Tsofaffin direbobin hanyar Maraɗi za su tuna gidan mansa, na ƙarshe kafin a kai shingen kwastan.

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, wani kamfanin mai ya ba shi izinin buɗe gidan da sunan kamfanin. Allo da famfo na kamfani ne, fili da wahala na Barmo. Bai yi boko ba, ni kuwa malamin firamare ne mai ji da Turancinsa, saboda haka ni na karanta masa yarjejeniyar. Na fassara shafi shida tiryan-tiryan. Na bakwai ƙananan rubutu ne, rana ta yi, na ce masa surutun lauyoyi ne kawai. Ya dangwala hannu.

Shekara uku ana lafiya, sai kamfani ya zarge shi da tsallakar da mai Nijar, abin da yarjejeniya ta hana. Aka aiko cewa mai sulhu zai saurari kowa, in laifi ya tabbata a karɓe izinin. Barmo ko a jikinsa. A saninsa, ana yin sulhu ne inda abu ya faru, gaban waɗanda suka gani. Ya sayi rago, ya sa aka share zaure, ya sanar da shaidunsa: Nomau, manomin ƙauyen Kusa da gonarsa ke kallon famfon, da wani direba Bamaraɗe. Lissafinsa shi ne mai sulhu ya wuni a bakin famfo ya ga yadda motoci ke shan mai su wuce, ba mai tambayar inda za su kwana.

Sai da na koma wa takardar na ga abin da na tsallake: duk saɓani, a Legas za a zauna.

"Malam, mi ya kai sulhun Jibiya bakin teku?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Damina ce, Nomau ba zai bar gero ba. Direban ba shi da takardun da za su kai shi can. Mu biyu muka tafi. Ban ce mai sulhun azzalumi ba ne, har shayi ya sa aka kawo mana. Amma taswira ce a gabansa, kuma a taswira tsakanin gidan man da Nijar bai kai faɗin farce ba. Bayan wata biyu aka zo aka kwance allon. Barmo ya koma sayar da hatsi har ƙarshen ransa.

Kwanan baya jikarsa Hajara ta nuna mini yarjejeniyar wani kamfanin aika kuɗi da take son yi wa wakilci. A waya yarjejeniyar take, danna "na yarda" kawai ake yi, wurin sulhun kuma wata ƙasa ce da sai an nemi biza. Da Barmo na nan, na san dariya zai yi ya ce Legas ma ashe kusa ce.

Bai taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Kowace takarda ta zo masa bayan nan, ni yake kawo wa, ya miƙo ta a kife ya ce, "Faro daga baya, Malam. In an ɓata, ina za a zamna?"

Gidan man yanzu shagon faci ne, allon ba wanda ya san inda yake. Tambayar ce ta rage. Ita na yi wa Hajara, kuma ban mayar mata da wayar ba sai da na karanta har layin ƙarshe.