Ƙwayar Karenmu da Kajin Inna

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma karenmu ya fara faɗuwa. Na san lokacin ne don ina zaune a gindin ɗorawar bakin gonarmu, agogon Baba a kan gwiwata, ina gwada saurina da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ranar ake gayyar girbin geronmu. Samari sun cika gonar, mai ganga yana biye da su, ihu yana tashi ta ko'ina. Karen ya miƙe, ya nufo ni, sai ƙafafunsa na baya suka naɗe kamar tsumma.

Ba shi da suna. Baba ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo don gadin awaki, wurin kwanansa kuma bayan gida ne, kusa da turke. Bai taɓa taka tsakar gida ba. Ni ma a lokacin ban taɓa shafa shi ba, abin da ke tsakaninmu zama ne kawai. Idan na ɗauki littafi na tafi gindin ɗorawa, sai ya biyo ni ya kwanta a daidai bakin inuwa. Inuwar ta matsa, ya matsa. A aji ba na iya ɗaga hannu ko na san amsa, amma a nan ina karatu da ƙarfi, shi kuma yana lumshe ido, kunnensa ɗaya a tsaye. Wani lokaci nakan manta shafin da nake, in tsaya ina kallon cikinsa yana hawa yana sauka, gonakin mutane a shimfiɗe har ƙarshen gani, wannan manne da wannan.

Bayan faɗuwar nan ya yi amai, ya ƙi abinci, yana rawar sanyi a tsakiyar rana. Da aka kwana biyu sai ya miƙe kamar ba shi ba. Haka abin ya riƙa zuwa yana tafiya. Aka yi bikin suna a maƙwabta, ya kwanta. Ranar Sallah gida ya cika, ya kwanta. Inna, kakata wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta ce ai kare yana ganin abin da mu ba ma gani, mutanen ɓoye ne suke biyo taro suna tsorata shi. Baba ya sayo maganin tsutsa a kasuwar Zakirai. Karen ya ci gaba da ramewa.

Da ruwan farko ya sauka da tsawa, ya kwanta bai tashi ba. Na daɗe a ƙofar ɗakin yayana kafin na iya roƙonsa ya kai mu asibitin dabbobi. Babu mai motar da zai yarda ya ɗauki kare, don haka a cikin kwando muka sa shi, yayana ya ja babur, ni a baya rungume da kwandon har birni. Ba na tuna hanyar sosai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake tunawa, da mutane suna shuka a sunkuye, da rashin nauyin abin da nake riƙe.

Likitar dabbobin mace ce. Ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa.

"Zuciyarsa a hankali take bugawa, kamar mai gyangyaɗi," in ji ta. "Ke ce mai shi? To riƙe min ƙafar nan."

Na riƙe, aka ɗebi jini, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Ranar na fara jin gashinsa a tafin hannuna. Da sakamako ya fito, ta zaunar da ni ta yi min bayani. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da yake samar da abin da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, yake kuma taimaka wa jiki ya jure firgita. Nasa sun daina aiki. Cutar Adison ake ce mata.

"Ba a warkewa," ta ce, "amma ana rayuwa da ita. Ƙwayoyin nan biyu, kowace safiya, ko kin ga yana tsalle yana bin zomo. Ranar taro ko hadari ki ƙara masa wannan. Idan aka tsallake kwanaki, zai iya tafiya."

Daminar nan ita ce mafi daɗi da nake tunawa. Da safe in gutsuro ɗumame, in tura ƙwayoyin a ciki, in tsugunna a bayan gida in ajiye masa a gabansa, in jira har in ga maƙogwaronsa ya motsa. Gashinsa ya dawo yana sheƙi. Dawa ta fi ni tsawo, shi kuma ya shige cikinta ya ɓace, sai dai in ga ganye yana rawa can nesa, sannan ya ɓullo jiƙe da raɓa. Inna ta raɗa min suna likitar karnuka.

Sai aka ba ni gurbin karatu a jami'a. Zan zauna wajen gwaggona a unguwar Rijiyar Zaki cikin birni, kuma dole in fara zuwa rajista. Yayana ya riga ya koma birni aiki, Baba kuwa daga masallaci gona yake wucewa. Inna kaɗai ke gida da safe. Na nuna mata yadda nake yi, ta karɓi kwalbar maganin da bakin mayafinta.

Da na dawo bayan mako guda, a kwance na same shi, idanunsa sun zurma. Na kira likita a waya, na yi yadda ta ce, Allah ya sa bai kai na farko ba.

"Wallahi kullum sai na ba shi," in ji Inna. "Ƙarya zan yi miki a kan kare, da furfurata?"

Na san ba ta ƙarya. Washegari na roƙe ta ta ba shi ina gani. Ta gutsuro ɗumame, ta sa ƙwayoyin daidai yadda na nuna mata, ta mulmula. Sai ta tsaya a tsakar gida, ta ce "Ungo!", ta cilla lomar ta saman danga, yadda ake ba kowane kare abinci a ƙauyenmu tun ina yarinya. Na zagaya da gudu. Lomar ta fashe a ƙasa, kajinta sun rufe ta, zakaran yana kan gaba. Karen yana gefe yana kallonsu. Bai taɓa iya faɗa da kowa ba.

Da na gaya mata, ta tafa hannu.

"Shi ya sa! Na ce zakaran nan me ya samu yake cara kamar sabon ladan. Ashe maganin birni yake sha."

Ban yi dariya ba. Na ce sai an je kusa, an ajiye a gabansa, an tsaya.

"Ni? Da alwalata? Ke dai boko ya cinye miki kai."

Ni dai ban iya musu da manya ba. Ranar komawata tana ta matsowa. Nakan je gindin ɗorawa da littafi in kasa buɗewa. Ina ganin kaina a babban ɗakin karatu mai fankoki, sai kuma in ga turken awaki babu kowa kwance kusa da shi. Ana gobe zan tafi, da la'asar, Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, na zauna na ɗebi nawa ina taya ta. Akwatina a buɗe yake a ɗaki, ban sa komai ba.

"Inna," na ce, idona a kan gyaɗar, "an ce ana iya ɗage karatu zuwa baɗi."

Hannunta ya tsaya.

"Saboda kare?"

"Idan na tafi mutuwa zai yi."

Ta watsa wa kajin da suka matso ɓawo, ta ce su tafi can, ɓarayin banza. Sannan ta karkaɗe zanenta.

"Ki ji da kyau, hannuna ba zai taɓa shi ba, yau ko gobe. Je ki bayan madafa, akwai tsohuwar muciyar da ta tsage, ki ɗauro mata murfin gwangwani a baki. Da ita zan riƙa miƙa masa, kajin nan kuma ba za su fito daga akurki ba sai na ga ya haɗiye. Tashi ki haɗa kayanki."