Magen da Muke Bayarwa Aro

Ni ban taɓa sayen abincin mage ba. Na ji ana cewa a manyan birane akwai kantin da ake sayar da shi a leda, har da hoton mage a jiki kamar madarar jarirai. Allah ya ba su lafiya. Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Haɗeja, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma sana'ata ta rani ce. Damina na sauka manoma su jingine injinansu, su manta da ni, sai ruwa ya janye daga fadama su tuna ina da rai. Wanda rabin shekararsa zaman benci ne ba ya ciyar da dabba da kuɗi.

Matata ce ta tsinto mana magen, wata shekara da ruwa ya shigo unguwa. 'Yar mitsitsiya, ruwan toka, duk ta jiƙe a kan katanga. Na ce a mayar da ita inda aka gan ta. Matata ta ce to, ta ɗauko tsohon zane ta goge ta. Haka take yi mini tun muna ango da amarya.

Rigimar farko a kan kwanona aka yi ta. Magen ba ta cin tuwo sai an shafa masa kifi, kifin kuma daga miyata ake tsamo shi. Na buɗe kwano na ga ƙaya da romo, na ce, "Ke, tarwaɗar nan ba ta da tsakiya ne? Kai da wutsiya kawai Allah ya yi mata?"

Ta ce, "Malam, ka ci ka gode. Ita ta kama ɓera jiya. Kai me ka kama?"

Mafita daga wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo, mai bandar kifi, wadda duk unguwa ke kira Iya. Ta yi sallama ta ce ɓeraye sun gama da ita, a ara mata magen ta kwana biyu a ɗakin ajiyarta.

Na ce, "Iya, mage a ɗakin kifi? Kin gaji da jarin ne?"

Ta ce, "Ɗan nan, abin da za ta ci bai kai abin da suke yi wa fitsari ba. Kifin yana rataye a kwando. Kai da hanji kuwa, ta ci har ta gaji."

Magen ta tafi siririya ta dawo tana sheƙi, Iya ta haɗo ta da ƙullin kawunan kifi. Daga nan magana ta bazu. Kaka na yi, an bugo shinkafa an cika ɗakuna, sai a fara yi mana sallama. Wannan gida yau, wancan gida jibi. Ba ma karɓar kuɗi, ai ba a sayar da mage, balle a yi hayarta. Wanda ya ara shi zai ciyar, kuma da hannunsa zai dawo da ita, in ya ga dama ya haɗo da mudun tsakin shinkafa na kaji. Doka ɗaya na kafa, ba na sassauta ta ko ga liman: gidan da aka zuba shinkafar ɓera, wato gubar nan da ake sayarwa a ƙulle, magena ba ta shiga. Ɓera ya ci, ita ta ci ɓeran, shi ke nan. Da kaina nake zuwa in duba lungu-lungu kafin in buɗe kwando.

Haka muka yi shekaru. Ƙuma in ta kama ta, toka ce. Kifina ya dawo da tsakiyarsa. Idan tana gida, ƙarƙashin bencina take kwanciya, ina kwance inji tana kallona. A garin nan ita kaɗai ce ke zama kusa da ni ba ta ce in yi mata aiki bashi ba.

Sai yayan matata ya aiko. Alhaji ne, mai sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yana tarawa a sito yana lodawa Kano. Ba ma ga-maciji da shi. Ranar sunan ɗana na fari, a gaban mutane, ya ce ƙanwarsa baƙin mai ta aura. An yi dariya, ni ban yi ba. Injinan gonarsa kuwa in sun lalace gara ya sayi sabo da ya kawo mini. Gaisuwar Sallah da ta mutuwa ce kawai tsakaninmu, sitonsa ko ƙofarsa ban taɓa takawa ba.

Matata ta ce, "Yaya ya ce a ara masa. Buhunansa duk sun huje."

Na ce, "Ya sayo sabuwa daga Kano mana."

Ta ci gaba da tankaɗe. Da yamma na sa magen a kwando na ba ta ta kai, ko zuwa duba lungu ban yi ba, don kada in ga fuskarsa.

Kwana ya tafi, mako ya tafi, har aka fara shirin noman rani, shiru. Ɓeraye suka dawo mana, suna tsere a kan rufi da rana tsaka. Ina aiki sai in kai ƙafa ƙarƙashin benci a hankali don kada in taka ta, sannan in tuna. Na ce wa matata ta je ta karɓo. Ta je, ta dawo hannu wofi.

Ta ce, "Wai ta saba da can. Kifin gwangwani take ci da madara. Ya ce a bar masa ita, zai aiko da buhun shinkafa casasshiya."

Ta faɗi haka tana kallon ɗan abin da ya rage a tukunyar awo. Ban ga laifinta ba. Aiki bai buɗe ba tukuna, yara suna makaranta, buhu guda zai kai mu nesa. Amma na san in na karɓa, duk lomar da na kai baki sai na ji muryarsa a ciki.

Na sa hula na fita. Na same shi bayan La'asar a bakin sito, a kan farar kujera, yana danna waya.

Ya ce, "A'a, Injiniya! Yau hanya ta ɓace maka ne?"

Na ce, "Barka da yamma, Yaya Alhaji. Magena na zo ɗauka."

"Ba a gaya maka saƙona ba?"

"An gaya mini. Aro na bayar, ba talla na kawo ba."

Ya yi murmushi, ya nuna mini ƙofa da baki. "Shiga ka ɗauke ta mu gani."

Na shiga. Gaskiya ba ita na fara nema ba, guba na fara nema. Na bi bango, na leƙa bayan buhuna, na ɗaga katako, ina addu'a in ga ko ƙwaya ɗaya in sami abin da zan tsaya a kai in yi masa tas a gaban 'yan dakonsa. Ban ga komai ba. Yana bayana ya ce, "Kada ka wahalar da gwiwarka. Tun kafin ta zo na sa aka share. Ƙanwata ta karanta mini dokarka kamar huɗuba."

Can ƙurya, tsakanin buhu da buhu, na same ta kwance a kan tsohuwar babbar rigarsa, 'ya'ya a jikinta suna tsotso, ko ido ba su buɗe ba. Ta ɗaga kai ta dube ni ta yi ƙaramin kuka, ta mayar da kai. Ba a ɗaga mai jego, mutum ce ko dabba. Na tsuguna na daɗe.

Na ce, "Sai ta yaye. Amma a daina ba ta gwangwani, za ku lalata mini ita. Ni zan riƙa kawo abincinta."

Haka na koma kullum bayan La'asar ina tafe da ƙullin kan kifi daga wajen Iya, ni da na rantse ba zan taka wurin ba. In ta gama ci ba ya kyau in juya nan take, sai in ɗan zauna. Ya sa a kawo shayi. Mu yi musu a kan taki, a kan ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa, a kan ko wa ya ɓata ƙasar nan. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Wata rana dai ya sa aka jawo wani mataccen inji daga bayan sito, ya ce, "Tunda zaman banza kake yi, duba wannan." Na duba, na tayar da shi, na caje shi cikakken kuɗi, ko sisi ban rage ba. Ya ce ni azzalumi ne, ya biya. Da kuɗin na sayi shinkafa, a wajen wani ba shi ba.

Da 'ya'yan suka fara bin ƙadangaru, na je da kwando. Ya ce, "Yanzu da gaske tafiya za ka yi da ita?"

Na ce, "Ga 'ya'yan nan na bar maka. Kyauta. Ka ga ni ma ina bayarwa."

Ya ce, "Rigata fa da ta ɓata?"

Na ce, "Ka sa a lissafin ɓerayen da ta kashe maka."

A gida na buɗe kwando ta fito, ta zagaya tsakar gida tana shinshina kowane kwano kamar mai duba gidan haya. Na ajiye mata guntun tuwo da romo, ta kalla ta kau da kai. Matata ta tuntsire da dariya, ta ce, "Hajiya an dawo daga gidan masu hali. Malam, ko za ka tatso mata madara?"

Na ce a ƙyale ta, rufin nan cike yake da nama. Na jawo injin da ke jirana na zauna. Ban gama kwance murfin ba na ji jelarta ta shafi dunduniyata, ta shige ƙarƙashin benci ta miƙe.