Apolon da Ba Ta Kama Kowa Ba

Wautata ba ta neman shaida, duk garinmu an san ta. Amma babbarta ita ce wadda na yi wa idona na hagu, ana tsaka da cirar gyaɗa.

Na tashi da safe ido ya yi jajir, yana zugi har cikin kai, in na kalli haske hawaye ya zubo. Aji uku na yi a firamare, amma ranar nan likita na zama, na yanke cewa apolo ce. A wurinmu kuwa an yarda da kallo ake ɗaukar apolo. Sai na ga ai sarauta ce ta same ni har gida.

Na sayi baƙin gilashi. In na je teburin mai shayi na tarar benci ya cika, sai in ɗan sauke shi in ce, "Jama'a, ku duba min, ya yi sauƙi kuwa?" Kafin in rufe baki benci ya zama nawa. A motar Makoda haka na ƙwace gidan gaba a hannun wani Alhaji, ya koma baya yana neman tsari. Gayyar ƙanina ma ban je ba, na aika cewa ina tausayin idanun bayin Allah.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne idon kullum ƙara dushewa yake. Na ɗiga ruwan sikari. Mai shayi ya ce ruwan tumatir ɗin lambun Watari ya fi, na matsa shi ma, na yi rawar da ban yi ba ko ranar aurena.

A sati na uku matata ta ajiye min koko ta ce, "Malam, cire gilashin nan."

"Za ki ɗauka."

"Kullum ina kallonka, jikokinka suna hawa wuyanka. Wa ya ɗauka?"

Ta ja ni bakin ƙofa, ta buɗe idon da yatsa biyu, sai ta saki salati. Wai jini ne kwance a ƙasan baƙin idon, kamar ruwan da ya rage a gindin kwano.

Washegari ta kai ni asibiti a Kano. Likitar mace ce, ta ɗora haɓata kan wani ƙarfe ta haska fitila.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Sati uku, likita," in ji matata daga bayana. "Har da tumatir."

Likita ta ce ba apolo ba ce, kuma ba mai ɗauka. Wata shimfiɗa ce a cikin idon ta kumbura, ƙananan jijiyoyi suka fashe, jini ya taru. Da na zo tun satin farko, da aikin ya zo da sauƙi. Yanzu sai dai a ceci abin da ya rage. Ta ba ni magungunan ɗigawa, ta ce in riƙa kwanciya da kai a sama, ban da sunkuyo. Na ce ta rubuta min a takarda, ta buga hatimi, in nuna wa ƙanina. Ba ta yi dariya ba.

Jinin ya janye daga baya, amma idon bai dawo duka ba. Yau in na rufe na dama, mutum inuwa ce kawai, kuma nakan zuba shayi a gefen kofi.

A ranar da muka je asibitin, muna cikin mota za mu koma gida, na shiga ba fasinjoji labari, ina kwaikwayon muryar likita, mota ta ɗauki dariya. Matata tana riƙe da ledar magani a cinya. Sai da aka lafa ta ce a hankali, ba ta ko juyo ba:

"Shekara arba'in muna tare, Malam. Ba ka cika wasa ba sai in tsoro kake ji."

Na juya ina kallon gonaki ta taga.