Ranar da Inna ta kira sunana

Jiya a kasuwar Konni wata mata ta ƙwala wa ɗiyarta kira, "Rahila!" Na waiwaya da sauri, sai Inna ta faɗo mini a rai. Bana shekara uku ke nan da rasuwarta.

Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka al'ada ta hana ta faɗin sunana. "Ke wannan" take ce mini, ko a cikin addu'a, abin yana yi mini ciwo.

Ranar da aka yi mini baftisma a tafkin bayan Tsarnawa, na fito jiƙe sharkaf ina rawar sanyi. Fasto ya ce, "Inna, sa mata albarka." Gwaggona ta zungure ta: "Kul! Ɗiyar fari ce fa."

Inna ta cire mayafinta mai ƙamshin hayaƙin kara, ta lulluɓe ni. Ta ce, "Allah da ya ba ni ita bai ji kunyar sunanta ba, ni zan ji? Rahila! Rahilata!"

Mata suka rangaɗa guɗa, har gwaggo ta yi dariya. Tun daga ranar, sai Inna ta kira sunana, in zo, ta ce, "Ba komai, daɗinsa nake ji."

Ubangiji Yesu ya hutar da ke cikin salamarsa, Inna.