Rufin Gidan Bouavanh

Khamphet ɗan masassaƙin kwalekwale ne, a tsohuwar unguwar garin Luang Prabang aka haife shi, kusa da bakin kogin Mekong. Da ya gama karatun zanen gini sai ya sami aiki a kwamitin da ke duba duk wani gyaran da za a yi wa fuskar tsofaffin gidaje. Ko taga mutum zai sauya, sai Khamphet ya zo ya gani. Bai taɓa cin hanci ba, ya kuwa yi imani da aikin har cikin ransa.

Yayarsa Bouavanh ce ke zaune a gidan mahaifinsu, tana sayar da miyar taliya a ƙofa. Gara ta cinye tagogin katako, rufin jan bulo kuma yana yoyo. Ta nemi a bar ta ta buga kwano, don shi ne daidai ƙarfinta. Khamphet ya hana, don doka ta ce a bar tsofaffin gidaje da kamanninsu na asali.

"Yaya, in na ɗaga miki ƙafa, da wane ido zan kalli maƙwabta?"

"Da idon da kake kallona," in ji ta. "Ni na goya ka a gidan nan. In damina ta sauka, ka zo ka kwana mana ƙarƙashin dokar taka."

Ta yi ta tarbar ruwa da kwanoni har tari ya kama jikarta. Daga nan ta ba wani mai otal hayar gidan, ta kwashe iyalinta zuwa bayan gari, can wajen filin jirgi, inda ba mai cinikin taliyarta. Mai otal ya kawo zane tsaf, jan bulo da katakon asali. Khamphet ya duba, bai ga aibu ba, ya sa hannu.

Haka maƙwabta suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Gidaje suka yi kyau, baƙi suka cika layin da ɗaukar hoto. Har ya yi ritaya bai daina bin layin da safe ba, sai dai babu wanda zai gaisar.

Da Bouavanh ta rasu, a bakin wani direba ya ji. Ya tafi gidan makokin, aka nuna masa tabarmar baƙi ya zauna. Can 'yarta ta kawo masa shinkafa mai danƙo a ɗan kwando, ta ajiye ba ta dube shi ba.

"Kawu, ka ci kafin ka koma garinku," in ji ta.

Ya ci loma biyu, ya tashi ya nemi takalmansa.